Amiloyid beta da aikin ƙwayoyin jijiya a farkon cutar Alzheimer

Amiloyid beta wani ɗan guntun furotin ne da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suke fitarwa tun daga yarinta har tsufa. A rubuce-rubucen kimiyya ana taƙaita sunansa da Aβ. An fi saninsa saboda alaƙarsa da cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke jawo mantuwa mai tsanani da ruɗewar tunani, abin da Hausawa kan kira gigin tsufa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane miliyan 57 ne ke fama da irin wannan lalura a shekarar 2021, kuma cutar Alzheimer ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na adadin.

Shekaru da dama an ɗauka cewa ɓarnar amiloyid ita ce ya taru ya daskare a tsakanin ƙwayoyin jijiya har ya kashe su. Binciken da aka yi daga ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa ɓarnar tana farawa tun kafin a kai nan. Ƙananan dunƙulen amiloyid da ba su riga sun daskare ba suna dagula yadda ƙwayoyin ke aika wa juna saƙo. Suna raunana wuraren da ake adana sabon sani, suna kuma sa wasu ƙwayoyin yin aiki fiye da kima, yawan aikin kuma yana ƙara yawan amiloyid ɗin. Taruwar amiloyid kan fara shekaru 15 zuwa 20 kafin mutum ko iyalinsa su lura da mantuwa, shi ya sa masu neman magani suka mai da hankali kan wannan tsakanin.

Tarihi

A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a Jamus. Tana fama da mantuwa, da rikicewar magana, da yawan zargin na kusa da ita. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Bayan rasuwarta a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta da maikuroskof, ya ga abubuwa biyu: daskararrun curi-curi a tsakanin ƙwayoyin jijiya, waɗanda a yau ake kira filak, da wasu zarurruka da suka cukuikuye a cikin ƙwayoyin. Ya gabatar da bayanin a taron likitoci a garin Tübingen a watan Nuwamba na wannan shekara. Emil Kraepelin ne ya sa wa cutar sunan Alzheimer a littafinsa na 1910.

Sai a 1984 aka gano sinadarin. George Glenner da Caine Wong a Amurka suka ciro shi daga jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwar waɗanda cutar ta kashe, bayan shekara guda kuma Colin Masters da Konrad Beyreuther suka nuna cewa shi ne ke cikin filak. A 1987 aka gano ƙwayar gadon babban furotin ɗin da amiloyid ke fitowa daga jikinsa, mai suna APP, a kan kuromosom na 21. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa masu lalurar Down, da ke da kwafi uku na wannan kuromosom maimakon biyu, kusan dukkansu suke tara amiloyid a ƙwaƙwalwa zuwa lokacin da suka kai shekara 40.

A 1992 John Hardy da Gerald Higgins suka wallafa ra'ayin cewa taruwar amiloyid ce ke fara kunna cutar, sauran ɓarnar duka biyo baya take yi. Sai dai akwai abin da bai daidaita ba: yawan filak a ƙwaƙwalwar mamaci bai cika tafiya daidai da tsananin mantuwar da ya yi a raye ba. A 1991 Robert Terry da abokan aikinsa sun riga sun nuna cewa abin da ya fi tafiya da mantuwar shi ne yawan mahaɗan jijiya da aka rasa. Daga nan hankali ya fara komawa kan mahaɗan.

Yadda ake samar da shi

APP furotin ne da ke soke a jikin fatar ƙwayar jijiya, wani sashe a waje, wani a ciki. Akwai enzayim, wato furotin masu aiki kamar almakashi, da ke yanka shi. Idan alfa-sikiritas ya fara yanka, yakan datse shi a tsakiyar wurin da amiloyid zai fito, don haka ba a samun amiloyid. Idan kuwa beta-sikiritas ne ya fara, sannan gama-sikiritas ya biyo baya, sai guntun da ke tsakanin yankan biyu ya fita. Wannan guntu shi ne amiloyid beta.

Gama-sikiritas ba ya yanka a wuri ɗaya kullum, don haka tsawon guntun yakan bambanta. Mafi yawa yana da amino asid 40. Mai 42 bai kai shi yawa ba, amma ya fi shi danƙo, ya fi saurin manne wa 'yan'uwansa. Idan guntaye biyu, uku, ko 'yan gomomi suka haɗu, ana kiransu oligoma. Oligoma na narkewa a ruwan ƙwaƙwalwa, yana yawo, yana iya shiga ƙananan wurare. Idan haɗuwar ta ci gaba sai a sami zarurruka, zarurrukan su taru su zama filak.

Gado ya ba da hujja mai ƙarfi a kan muhimmancin wannan yanka. Sauyi a ƙwayar gadon APP, ko a firesenilin 1 da firesenilin 2 waɗanda su ne bakin almakashin gama-sikiritas, yana jawo cutar tun mutum bai kai shekara 60 ba, wani lokaci ma tun yana shekaru 30 da 'yan kai. Irin wannan bai kai kashi 1 cikin ɗari na masu cutar ba. A ɗaya ɓangaren, a 2012 an gano wani sauyi a APP a tsakanin mutanen tsibirin Ayislan da ke rage samar da amiloyid da kimanin kashi 40 cikin ɗari a gwajin ɗakin bincike, masu ɗauke da shi kuma ba kasafai cutar ke kama su ba.

Yadda ƙwayoyin jijiya ke isar da saƙo

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da rassa da take karɓar saƙo da su, da doguwar igiya ɗaya da take aikawa da ita. Saƙon yana bin igiyar a matsayin ɗan bugun lantarki. Inda igiyar wata ƙwaya ta iske reshen wata, nan ce mahaɗa. Ƙwayoyin biyu ba sa taɓa juna a wurin, akwai ɗan gibi da bai wuce nanomita 20 zuwa 40 ba. Da bugun lantarki ya iso, sai ƙwaya ta farko ta saki wani sinadari, ya tsallaka gibin, ya sauka kan makarɓai da ke jikin ƙwaya ta biyu.

Sinadarai biyu ne suka fi yawa a wannan aiki. Gulutamet yana zuga ƙwaya ta biyu ta buga, GABA kuma yana taka mata burki. A ɓawon ƙwaƙwalwa kimanin kashi 80 cikin ɗari na ƙwayoyin masu zuga ne, ragowar masu burki. Da zarar gulutamet ya isar da saƙo, wasu ƙwayoyi masu tallafi da ake kira astrosayit sukan zuƙe shi nan take, don kada ya ci gaba da zuga.

Ƙarfin mahaɗa yana sauyawa. Wadda ake yawan amfani da ita takan ƙara ƙarfi na dogon lokaci, abin da masana ke taƙaitawa da LTP, wanda Tim Bliss da Terje Lømo suka bayyana a 1973. Wata kuma takan yi rauni, shi ne LTD. Da waɗannan sauye-sauye ƙwaƙwalwa ke koyo da adana abin da ta koya. Sashen da ya fi dogara da su wajen riƙe sababbin abubuwa shi ne hifokamfus, da ke can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunne, kuma yana cikin sassan da cutar Alzheimer ke fara taɓawa.

Aikinsa a lafiyayyar ƙwaƙwalwa

Amiloyid beta yana cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum, mai lafiya da marar lafiya. A 2003 ƙungiyar Roberto Malinow ta nuna a yankakken hifokamfus cewa idan ƙwayar jijiya ta ƙara aiki takan ƙara fitar da amiloyid, shi kuma ya rage ƙarfin mahaɗan da ke kusa. A 2005 John Cirrito da David Holtzman na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka tabbatar da sashen farko a ɓeraye masu rai: aka zuga jijiyoyi amiloyid ya hau a ruwan ƙwaƙwalwa, aka dakatar da su ya sauka.

Tasirinsa ya danganta da yawansa. A 2008 Daniela Puzzo da Ottavio Arancio na Jami'ar Columbia suka gano cewa ɗan ƙanƙanin amiloyid, daidai da wanda ake samu a lafiyayyar ƙwaƙwalwa, yana ƙarfafa LTP da riƙe abu a ɓeraye, amma idan aka ninka shi sau dubu sai ya hana. A 2009 ƙungiyar Inna Slutsky ta Jami'ar Tel Aviv ta nuna cewa amiloyid da ƙwayoyi ke fitarwa da kansu yana ƙara yiwuwar mahaɗa ta saki gulutamet. Daga waɗannan bincike masana da yawa suna kallonsa a matsayin ɗaya daga cikin masu daidaita ƙarfin mahaɗa, wanda ke zama illa idan ya yi yawa ko ya dunƙule.

Illarsa ga mahaɗa

A 1998 ƙungiyar William Klein ta Jami'ar Northwestern ta nuna cewa oligoma da aka haɗa a ɗakin bincike yana hana LTP cikin ƙasa da awa guda, tun kafin ƙwayoyin su mutu. A 2002 Dominic Walsh da Dennis Selkoe na Harvard suka zuba oligoma da ƙwayoyi masu rai suka fitar a ƙwaƙwalwar lafiyayyun ɓeraye, LTP ya tsaya, alhali babu filak ko ɗaya a wurin. A 2008 ƙungiyar ta maimaita gwajin da amiloyid mai narkewa da aka ciro daga ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar. Ya hana LTP, ya ƙara LTD, ya rage yawan mahaɗai, ya kuma sa ɓeraye manta abin da aka koya musu.

An gano hanyoyi da dama da hakan ke faruwa. Oligoma yana manne wa wasu furotin a bakin mahaɗa, ciki har da furotin firayon na yau da kullum, kamar yadda ƙungiyar Stephen Strittmatter ta Jami'ar Yale ta ruwaito a 2009. Yana sa ƙwaya ta janye makarɓan gulutamet masu suna AMPA da NMDA daga bakin mahaɗa zuwa cikinta, sai saƙon da ya iso ya rasa mai karɓarsa da kyau. Yana kuma dagula shigar kalsiyam, wanda shi ne ke sanar da ƙwaya ko ta ƙarfafa mahaɗa ko ta raunana ta. Idan abin ya daɗe, 'yan ƙananan tsirowar da mahaɗai ke zaune a kansu a jikin rassa sukan motse su ɓace.

Garkuwar ƙwaƙwalwa ma tana da hannu. A 2016 ƙungiyar Beth Stevens ta nuna a ɓeraye cewa oligoma yana sa wani furotin mai suna C1q ya yi wa mahaɗai alama, ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya kuma su cinye waɗanda aka yi wa alamar, tun kafin filak ya bayyana. Wannan hanya ce da ƙwaƙwalwar yaro ke bi ta rage mahaɗan da ba ta buƙata, amma a nan ta dawo a lokacin da bai dace ba.

Aiki fiye da kima

Tunda amiloyid yana raunana mahaɗai, an yi zaton ƙwaƙwalwar mai cutar za ta yi sanyi gaba ɗaya. Da aka samu na'urorin da ke nuna aikin ƙwayoyi ɗai-ɗai a dabba mai rai, sai aka ga abin ya sha bamban. A 2008 Marc Aurel Busche da Arthur Konnerth a birnin Munich suka auna ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka sauya wa gado don su tara amiloyid. Kashi 29 cikin ɗari sun rage aiki, amma kashi 21 sun ƙara, kuma masu ƙarin aikin sun taru ne a kewayen filak. A 2012 suka duba hifokamfus na ƙananan ɓerayen da ba su fara yin filak ba, suka tarar tuni ƙwayoyi da yawa suna bugawa fiye da kima. Da aka ba su maganin da ke tsayar da gama-sikiritas, aikin ya koma daidai. Da aka zuba amiloyid mai narkewa a lafiyayyun ɓeraye, su ma suka soma.

Dalili na farko ya shafi gulutamet. A 2019 Benedikt Zott da sauran ƙungiyar Munich suka nuna cewa amiloyid yana hana kwashe gulutamet bayan ya gama aiki. Sai ya daɗe a gibin, ya malala zuwa gefe, ya ci gaba da zuga ƙwayar. Sun lura cewa ƙwayoyin da dama suke aiki su ne abin ke kamawa, waɗanda ke zaune shiru ba ya taɓa su, domin sai an saki gulutamet kafin ya taru. Gulutamet ɗin da ya malala yana kuma kunna makarɓan NMDA da ke wajen mahaɗa, waɗanda saƙonsu ke kai wa ga raunana mahaɗa. Ta haka ake fahimtar yadda yawan bugu da raunin mahaɗa suke tafiya tare: ƙwayar tana yawan bugawa, amma bugun ba ya ɗauke da bayani mai tsari, kuma ba ya barin abin tunawa.

Dalili na biyu shi ne lalacewar burki. A 2007 Jorge Palop da Lennart Mucke na Cibiyar Gladstone a San Francisco suka gano cewa ɓeraye masu tara amiloyid suna yin farfaɗiyar da ba a gani a jiki, sai a na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa. A 2012 suka danganta hakan da wasu ƙwayoyin burki masu saurin bugu, masu ɗauke da furotin farbalbumin. Wata ƙofar sodiyam mai suna Nav1.1, da waɗannan ƙwayoyi ke buƙata, ta ragu a ɓerayen da kuma ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da cutar. Da aka mayar da ita a ɓeraye, farfaɗiyar ta ragu, riƙe abu ya inganta, mutuwar wuri ma ta ragu. Waɗannan ƙwayoyin su ne ke tsara saurin kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwa da ake kira gama, mai kai-komo kimanin sau 40 a daƙiƙa, wadda ke ƙaruwa lokacin mai da hankali da koyo.

Idan aka haɗa wannan da binciken 2003 da 2005, sai a ga zagaye: amiloyid yana ƙara bugu, bugu yana ƙara amiloyid. Wani abin da ya dace da wannan shi ne wuraren da filak ke fara taruwa a ƙwaƙwalwar mutum. A 2005 Randy Buckner da abokan aikinsa suka nuna cewa sun yi daidai da sassan da suka fi aiki lokacin da mutum yake zaune yana tunane-tunane ba tare da wani aiki a gabansa ba.

Abin da aka gani a mutane

Ba a iya auna ƙwaya ɗai-ɗai a mutum yadda ake yi a ɓera, amma hoton MRI mai nuna aiki yana bayyana sashen da ke cin iskar oksijin da yawa. A 2005 Bradford Dickerson da Reisa Sperling suka ruwaito cewa masu ƙaramar mantuwa, da ba ta kai ga hana su harkokin yau da kullum ba, hifokamfus ɗinsu ya fi na masu lafiya aiki lokacin da suke ƙoƙarin riƙe fuska da suna. A waɗanda cutar ta yi nisa kuwa aikin ya faɗi ƙasa.

An ga irin wannan a jihar Antioquia ta ƙasar Kolombiya, inda likita Francisco Lopera ya shafe shekaru yana bibiyar wani babban dangi mai mutane dubbai. Da yawansu suna ɗauke da sauyi a firesenilin 1 da ke kawo mantuwa tun suna shekaru 40 da 'yan kai. A 2010 Yakeel Quiroz da abokan aikinta suka nuna cewa matasan dangin masu ɗauke da sauyin, da ba su da wata alama, tuni hifokamfus ɗinsu yana aiki fiye da na 'yan'uwansu marasa sauyin.

Da farko an fassara wannan ƙarin aiki a matsayin ƙoƙarin ƙwaƙwalwa na cike giɓi. A 2012 Arnold Bakker da Michela Gallagher na Jami'ar Johns Hopkins suka gwada fassarar: suka ba masu ƙaramar mantuwa ɗan kaɗan na maganin farfaɗiya mai suna lebetirasetam. Aikin hifokamfus ya sauka, kuma sun fi yin kyau a gwajin riƙe abu. Wannan ya nuna cewa aƙalla wani ɓangare na ƙarin aikin cutarwa yake yi.

Farfaɗiya ma ta fi yawa a masu cutar Alzheimer, musamman ta gado. A 2016 Keith Vossel ya ruwaito cewa da aka yi dogon awo na lantarkin ƙwaƙwalwa, kashi 42 cikin ɗari na majinyatan da ba a taɓa sanin suna da farfaɗiya ba sun nuna alamunta a na'ura, a masu lafiya kuma kusan kashi 10. Yawanci alamun sun fito ne lokacin barci, kuma masu su sun fi saurin taɓarɓarewa.

Barci

Tunda fitar amiloyid na bin aikin jijiya, yawansa yana hawa da sauka tsakanin farke da barci. A 2009 ƙungiyar Holtzman ta nuna cewa a ɓeraye yana ƙaruwa lokacin da suke farke, ya ragu idan sun yi barci, hana su barci na tsawon lokaci kuma yana ƙara filak. A 2018 wani bincike a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka a kan mutane 20 masu lafiya ya samu ƙarin amiloyid na kimanin kashi 5 cikin ɗari a yankin hifokamfus bayan dare ɗaya ba barci. Alaƙar ta kowane ɓangare ce, domin taruwar amiloyid ita ma tana rage barci mai nauyi, wanda a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka koya da rana.

Tau da matakin shiru

Zarurrukan da Alzheimer ya gani a cikin ƙwayoyi na wani furotin ne dabam mai suna tau. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa tau yana yaɗuwa bisa tsari, daga yankin da ke maƙwabtaka da hifokamfus zuwa sauran ɓawon ƙwaƙwalwa. Yaɗuwarsa ta fi ta filak tafiya daidai da mutuwar ƙwayoyi da tsananin mantuwa.

Furotin biyun suna aiki tare. A 2007 aka nuna cewa rage tau a ɓeraye masu tara amiloyid yana kare su daga mantuwa da saurin farfaɗiya, ko da filak bai ragu ba. Aikin jijiya yana ƙara fitar da tau daga ƙwaya, don haka yawan bugun da amiloyid ya jawo na iya hanzarta yaɗuwarsa. A 2019 Busche da Bradley Hyman suka nuna cewa idan furotin biyun suka haɗu a ɓera, tasirin tau ne ke rinjaye, ƙwayoyin su yi shiru. Wannan ya dace da abin da ake gani a mutane: yawan aiki a farko, raguwa daga baya.

Abin da ya shafi magani

Tsofaffin magunguna, kamar donefezil da aka amince da shi a Amurka a 1996 da memantin a 2003, suna rage alamomi ne na wani lokaci. Memantin yana tare makarɓan NMDA daga zugar gulutamet mai yawa. Yunƙurin tsayar da samar da amiloyid bai yi nasara ba. An dakatar da gwajin semagasestat, mai tsayar da gama-sikiritas, a 2010, da na berubesestat, mai tsayar da beta-sikiritas, a 2018, bayan an ga tunanin wasu masu shan su ya ƙara lalacewa. Waɗannan enzayim suna yanka wasu furotin da jiki ke buƙata ban da APP.

Magungunan garkuwa da ke kwashe amiloyid sun kawo ɗan ci gaba. Lekanemab, da aka ba cikakkiyar amincewa a Amurka a watan Yulin 2023, ya rage saurin taɓarɓarewa da kashi 27 cikin ɗari cikin wata 18 a gwajin mutane 1,795 da ke matakin farko. An amince da donanemab a watan Yulin 2024. Duka biyun ta jijiyar jini aka fara ba da su, ba sa warkarwa, kuma suna iya jawo kumburi ko ɗigar jini a ƙwaƙwalwa, musamman ga masu kwafi biyu na ƙwayar gado APOE4. Dole a riƙa yin hoton MRI a kai a kai. Kuɗin lekanemab a Amurka ya fara da dala 26,500 a shekara, alhali fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu gigin tsufa suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki.

Ana kuma gwada kwantar da yawan bugun kai tsaye. A gwajin lebetirasetam da Vossel ya wallafa a 2021 maganin bai taimaki majinyata gaba ɗaya ba, amma waɗanda ke da alamun farfaɗiya a na'ura sun inganta a wasu gwaje-gwajen tunani. A 2016 ƙungiyar Li-Huei Tsai ta MIT ta ruwaito cewa haske mai ƙiftawa sau 40 a daƙiƙa ya rage amiloyid a ɓeraye, sai dai wani bincike daga Jami'ar New York a 2023 bai samu wannan sakamako ba.

Muhawara

Amiloyid shi kaɗai bai isa ya bayyana cutar ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa cikin mutane masu cikakken tunani, kimanin kashi 10 cikin ɗari na 'yan shekara 50 da kashi 44 na 'yan shekara 90 suna da amiloyid mai yawa a ƙwaƙwalwa. Yawancin bayanin da ake da shi kan ƙwayoyi ɗai-ɗai daga ɓerayen da aka sauya wa gado ya fito, su kuwa suna kwaikwayon nau'in gado ne, ba nau'in tsufa da ya fi yawa ba. A 2024 mujallar Nature ta janye wata maƙala ta 2006 a kan wani nau'in oligoma bayan an gano an taɓa hotunanta, ko da yake sauran shaidar illar oligoma ta fito ne daga ɗakunan bincike dabam-dabam.

Haɗarin cutar ma ya bambanta tsakanin al'ummomi. Binciken Indianapolis da Ibadan, da aka fara a 1992 ƙarƙashin Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun, daga baya Adesola Ogunniyi, ya samu cewa sababbin masu kamuwa da cutar Alzheimer a shekara a tsakanin dattawan Yarbawa na Ibadan ba su kai rabin na baƙaƙen fatar Indianapolis ba. Tasirin APOE4, wadda ke rage kwashe amiloyid daga ƙwaƙwalwa, shi ma ya fi rauni a Ibadan. Lafiyar jijiyoyin jini, hawan jini, ciwon suga da yanayin rayuwa suna cikin abubuwan da ake bincike a kansu don bayyana wannan bambanci.

Duba kuma

Cutar Alzheimer
Gigin tsufa
Hifokamfus
Farfaɗiya
Furotin tau